Inna, Wai Daga Biri Muka Fito? Bayani Kan Gardamar Asalin Halitta

  Ina gaida matan Bungudu da Nahuce da Kwatarkwashi, da na Gusau da Tsafe, da duk inda muryar nan take kaiwa. Mai surfe ta ɗan jingine taɓarya, mai ɗinkin hula ta jawo rediyo kusa, don maganarmu ta yau tana son kunne biyu.

Akwai wata tambaya da take yawan zuwa mana daga wurinku. Ɗiya 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta dawo gida ta ce a darasin bayoloji, wato ilmin halittu, an koya musu wai mutum daga biri ya fito. Hankalin uwa ya tashi. Maigida ya ji labari, ya ce daman abin da ake gudu ke nan a boko, daga yau ta zauna gida. A wani gidan kuma yarinyar ba ta faɗa wa kowa, sai ta bar abin yana cin ta a rai, tana ganin dole ɗaya yana yi mata ƙarya, ko malamin boko ko na Islamiyya. Duka biyun asara ce: can an rasa karatu, nan an rasa natsuwa.

Ni ba malama ba ce, ba ni ba da fatawa. Aikina in nemo bayani in kawo muku shi a faifai. To yau za mu ji mene ne masu addini suke cewa, mene ne masana kimiyya suke cewa, ina suka haɗu, ina kuma suka rabu.

Hujjar masu cewa akwai Mai tsari

Ki ɗauka kina tafiya a jeji, sai kika tsinci faifai mai ado, an saƙa shi da ja da baƙi da kore, layi bisa layi. Ko ba ki ga kowa a wurin ba, ba za ki ce iska ce ta kwaso kaba ta saƙa shi ba. Kin san akwai hannun da ya yi. To idan faifai bai yin kansa, ina ga idon da kike kallon faifan da shi? Ina ga nonon uwa da yake zuwa daidai lokacin da jariri ya faɗo?

Wannan ita ce hujjar tsari, kuma tsohuwar hujja ce. Alƙur'ani mai girma ya sha kiranmu mu dubi halitta mu yi tunani. A Suratul Gashiya an ja hankalinmu ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, duk sun kafa hujja da yadda halittu suka dace da bukatunsu.

Su ma Kiristoci suna da irinta. A 1802 wani malamin coci a Ingila mai suna William Paley ya rubuta littafi ya ba da misali da agogo. Ya nuna cewa wanda ya tsinci agogo a fili ya buɗe ya ga ƙarafunansa suna juya juna, dole ya yarda akwai maƙeri. Cikin ɗaliban da suka karanta littafin nan suka yaba masa ƙwarai, har da wani saurayi a jami'ar Kambirij da iyalinsa suke son ya zama limamin coci. Sunansa Charles Darwin.

Me Darwin ya ce?

An haifi Darwin a 1809. Daga 1831 zuwa 1836 ya yi yawon duniya a wani jirgin ruwa mai suna Beagle, yana tara tsirrai da tsuntsaye da ƙasusuwa. Da ya dawo ya shafe fiye da shekara 20 yana nazari, sannan a 1859 ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu. Abin da ya kawo shi ake kira juyin halitta, yaranmu kuma za ki ji suna cewa ibolushan.

Abin da zai ba ki mamaki, babin farko na littafin nan ba maganar biri ba ce. Maganar dabbobin gida ce da shuke-shuke, musamman tantabara, don shi kansa ya yi kiwonta. Ya lura masu kiwo suna zaɓen wadda suke so su haɗa ta da wadda suke so, har a samu tantabaru iri-iri, mai faffaɗar wutsiya, mai kumburin maƙoshi, alhali kakarsu guda ce, kurciyar duwatsu.

Ai mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da kaka, in an kawo gero gida, wace zangarniya ake warewa a rataye don iri? Mai tsawo, mai cikar tsaba. Ba mai ajiye ƙanƙararriya. Shekara bisa shekara, kakanni suna zaɓe, jikoki suna zaɓe. Masu binciken tarihin noma sun samo burbushin geron gida a ƙasar Mali wanda ya kai wajen shekara 4,500, kuma sun nuna asalinsa wata ciyawar daji ce ta yankinmu na Sahel, mai ƙananan ƙwayoyi da ke zubewa ƙasa da kansu. Har yau in geron gida ya yi barbara da na daji, sai ki ga shibra ta fito a gona, ita ce mai kakkaɓe tsabarta tun kafin a yanke. Haka jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi da duniya ta san fatarta, haka tumaki uda da balami, haka shanu gudali da bunaji. Zaɓen makiyaya ne da yanayin ƙasa suka bambanta su.

To Darwin sai ya ce, abin da manomi yake yi a gonarsa, yanayi ma yana yin irinsa a daji. Maganarsa a kan duwatsun murhu uku take zaune. Na ɗaya, 'ya'yan uwa ɗaya ba su zama daidai, kowane da ɗan bambancinsa. Na biyu, ana gadon wannan bambanci, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na uku, abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa yawa. Kin ga kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, shirwa ta ɗauki wasu, sanyi ya kashe wasu. Wanda bambancinsa ya taimake shi, ya fi saurin ɓuya ko ya fi jure yunwa, shi ya fi samun damar girma ya hayayyafa. Kamar shiƙa ce: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. Idan aka yi ta wannan shiƙar tsawon dubban zuriyoyi, in ji shi, sai halitta ta sauya kama, har reshe guda ya rabu biyu, kowane ya zama nau'i mai zaman kansa.

Abin da ke faruwa a ɗakunanmu

Kada ki ɗauka wannan magana ce ta can nesa. Wa ta tuna kulorokwin? Maganin zazzaɓin nan mai ɗaci, mai sa wasu ƙaiƙayi har su kwana suna susa. A da in an sha, kwana uku zazzaɓi ya sauka. Daga baya sai aka ga ana sha ba ya yi. Ba maganin ne ya lalace ba, ƙwayar cutar ce ta sauya. Cikin miliyoyin ƙwayoyin maleriya akwai 'yan kaɗan da suka zo da wani bambanci da ya sa maganin bai kashe su. Aka kashe sauran, su suka rage, suka hayayyafa, sauro ya kwashe su ya raba wa gari. Wannan turjiya ta shigo gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ta iso yammaci a shekarun 1980, har a 2005 Nijeriya ta sauya, ta koma maganin haɗi da ake kira ACT, irin su Coartem.

Kin ga shiƙar da Darwin yake faɗa, ta faru a jinin 'ya'yanmu muna raye. Shi ya sa likita yake cewa a shanye magani duka. Idan aka rubuta wa yaro na kwana uku kika ba shi na kwana ɗaya, da jiki ya yi sanyi kika ɓoye sauran don ƙanensa, to kin kashe raunanan ƙwayoyi kin bar masu taurin kai. Haka wadda ke aikawa kemis a sayo mata kafso biyu duk lokacin da ciki ya murɗa. Haka mai tarin fuka da aka ce ya sha magani wata shida ya bari a wata na biyu. Alexander Fleming, mutumin da ya gano fenisilin, tun 1945 ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Ga kuma amosanin jini, wato sikila. Me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu, ya yi ƙaranci a Turai? A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa mai jinin AS, wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, ya fi tsira daga maleriya mai tsanani tun yana ƙarami. Ba wai ba ya kamuwa ba ne, a'a, ya dai fi mai AA kuɓuta daga mai kisan. Saboda haka a inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa suka hayayyafa, har ta kai a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki da nasa lissafin. Ga dalilin gwajin jini kafin a sa rana.

A iya nan, 'yan uwa, babu wata gardama mai ƙarfi. Malamin da ya fi kowa tsanani ba zai ce ƙwayar cuta ba ta koyon jure magani ba.

Ƙasusuwan da ke ƙarƙashin ƙasar Sakkwato

Gardama tana farawa ne in aka zo ga dogon zamani. Masana suna cewa duniya ta kai wajen shekara biliyan 4 da rabi, kuma halittu da yawa sun rayu sun ƙare tun kafin mutum. Shaidarsu ita ce ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, kuma wasunsu a maƙwabtanmu aka haƙo su.

A yankin Goronyo na Jihar Sakkwato an samo ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato suka sa mata sunan garin. An ƙiyasta ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce. Za ki ce me ya kawo dabbar teku Goronyo? Masana ƙasa sun nuna cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita, a ƙarƙashin ruwan teku ta taru, har ana ganin ɓawon halittun ruwa a cikinta. A Nijar kuma, a wani wuri da ake kira Gadufawa cikin hamadar jihar Agadas, an tono ƙasusuwan wani kada da tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, da na manyan dabbobin da ake kira dainoso. Wanda ya je gidan tarihi na Yamai zai ga irinsu a tsaye. Gani ya kori ji.

Shin tsufan duniya ya ci karo da addininmu? Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun duniya ba. Lissafin nan na cewa duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, wani babban limamin coci ne na Ailan, James Ussher, ya shahara da shi a 1650. Malaman tafsiri kuwa tun da can wasunsu sun yi bayanin cewa kwanakin da aka ambata na halittar sammai da ƙasa ba lalle ne su zama irin kwanakinmu ba.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu mu zo kan biri. Da farko a gyara magana: masana ba su ce birin da ke ɓarna a gonakinmu shi ne kakanmu ba, ba su kuma ce wata rana biri ya wayi gari ya zama mutum ba. Abin da suke cewa, mutum da manyan birai irin su cimfanzi sun haɗa kaka a can da nisa, wajen shekara miliyan 6 zuwa 7, sannan kowa ya kama reshensa. Hujjarsu ita ce kamannin ƙwayoyin gado, waɗanda suka ce sun yi daidai da kusan kashi 98 cikin 100, da kuma ƙasusuwa irin ƙoƙon kan da aka samo a hamadar Chadi a 2001 aka sa masa suna Tumai, da ƙwarangwal ɗin da aka samo a Habasha a 1974 ake kira Lusi. Ba zan ɓoye muku ba, kusan duk masana ilmin halittu na duniya a kan haka suke, kuma in suka ce ka'ida, ba suna nufin shaci-faɗi ba ne, suna nufin bayanin da aka gwada da hujjoji masu yawa.

Mu kuma abin da aka karantar da mu, wanda mafi yawan malaman Sunna suke a kai, shi ne Allah ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga yumɓu, ba uwa ba uba, kuma dukkanmu zuriyarsa ne. To nan ne ainihin ƙullin yake, kuma ba yau malaman Musulunci suka fara duba shi ba.

A 1881 Jamaluddin Afgani ya rubuta raddi mai zafi ga masu cewa babu komai sai abin da ido ke gani, ya haɗa da Darwin a ciki. A 1888 kuma wani malamin Tarabulus ta Lebanon, Shaihu Husaini al-Jisr, ya rubuta Risalatul Hamidiyya. Shi a nasa bayanin, Allah ne Mahalicci ko ya yi halitta kai tsaye ko ya yi ta mataki-mataki, kuma ko da hujja yankakkiya za ta tabbatar da juyin halitta, ba za ta rushe imani da Mahalicci ba, kodayake a ganinsa hujjojin zamaninsa ba su kai wannan matsayi ba. Tun kafin su ma, Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajen 868, ya rubuta littafin dabbobi inda ya yi bayanin yadda suke farautar juna da yadda muhalli ke tasiri a kansu, kodayake abin da ya faɗa bai zama daidai da ka'idar Darwin ba.

A zamaninmu, wani masani Musulmi, Shoaib Ahmed Malik, ya fitar da littafi a 2021 inda ya kasa ra'ayoyin Musulmi kashi huɗu. Akwai masu ƙin juyin halitta gaba ɗaya. Akwai masu karɓarsa ga tsirrai da dabbobi amma ban da ɗan Adam. Akwai masu cewa ko da an yi wasu halittu masu kama da mutum ta wannan hanya, shi Annabi Adamu halittarsa mu'ujiza ce ta daban, kamar yadda aka haifi Annabi Isa, alaihis salam, ba uba, kuma mu'ujiza ba abin da ake aunawa a ɗakin gwaji ba ce. Akwai kuma masu karɓarsa duka, suna yi wa nassosi wata fassara, su ne malamai da yawa suka yi wa raddi. Wanne ne daidai? Wannan aikin malamai ne masu zurfin karatu. Abin da nake so ki riƙe shi ne, wurin saɓanin bai kai faɗin da ake zato ba. Bai shafi gero da akuya da maganin zazzaɓi ba, bai shafi mafi yawan abin da ke cikin littafin bayoloji ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa kalmar biri take yi mana zafi, mu baƙar fata. A zamanin mulkin mallaka wasu Turawa sun fake da sunan Darwin suna cewa wai wasu jinsunan mutane sun fi wasu ci gaba a halitta. Kimiyyar yau ta yi watsi da wannan. Abin da ta tabbatar shi ne duk mutanen duniya nau'i guda ne, fari da baƙi, kuma tushensu guda.

Yadda aka kai maganar kotu a Amurka

A Amurka gardamar nan har gaban alƙali ta je. A 1925, a jihar Tenesi, an gurfanar da wani malamin makaranta mai suna John Scopes, aka ci shi tarar dala 100 saboda koyar da juyin halittar mutum. Daga baya abin ya juya. A shekarun 1990 wasu suka fito da abin da suka kira tsari mai hikima. Babbansu a fagen kimiyya, Michael Behe, ya rubuta littafi a 1996 yana cewa akwai wasu sassan jikin halitta da haɗuwarsu ta yi sarƙaƙiyar da ba za su samu a hankali a hankali ba, sai dai a ce an ƙera su a lokaci guda. Sauran masana suka amsa masa da misalan yadda irin waɗannan sassa suke iya haɗuwa daga wasu da a da suke wani aikin daban.

A ƙarshen 2004 iyayen yara a garin Doba na jihar Fensilbaniya suka kai hukumar makarantunsu ƙara, don ta sa a riƙa gabatar da wannan ra'ayi a ajin kimiyya. A 2005 alƙali John Jones ya yanke cewa ra'ayin na addini ne, kuma tsarin mulkinsu ya hana makarantar gwamnati ɗaukar ɓangaren wani addini. Ki lura, alƙalin bai ce babu Allah ba, shi kansa mai zuwa coci ne. Babban masanin da ya ba da shaida a ɓangaren juyin halitta, Kenneth Miller, shi ma mai riƙo da addininsa ne na Katolika. Haka Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, mai imani da Mahalicci ne. A ɗaya gefen akwai irin su Richard Dawkins na Ingila, masu cewa juyin halitta ya kawar da bukatar Mahalicci. To wannan ra'ayinsa ne ya ɗora a kan kimiyya, ba abin da madubin gwaji ya nuna masa ba ne. Shi Darwin kansa, a ƙarshen rayuwarsa, ya bayyana kansa a matsayin wanda bai yanke hukunci kan samuwar Allah ba.

Ta yaya, da kuma wane ne

Ki dubi ruwan sama. An san iskar damina daga teku take tasowa ta kudu maso yamma, ta ɗauko laima, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko. Masu hasashen yanayi har ranar faɗuwar damina suke ƙiyastawa. Wannan ya hana mu fita roƙon ruwa in an yi fari? Ki dubi ciki. Ungozomar asibiti za ta gaya miki a wane wata zuciyar ɗa take fara bugawa, a ɗora na'ura ki gan shi yana motsi. Wannan ya sa kin daina cewa Allah ne ya ba ki? Malamanmu sun koya mana akwai sababi, akwai kuma Mai sabbaba sababi. Kimiyya tana bin sawun ta yaya abu ya faru. Wane ne ya yi, kuma don me aka yi mu, wannan ma'auninta bai kai can ba.

Shi ya sa akwai haɗari mutum ya rataya imaninsa a kan abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, ya ce tunda ba su san yadda kaza ya samu ba, to ga hujjata. Gobe in suka gano fa? Imanin da ya ce Allah ne ya yi abin da muka san yadda yake da wanda ba mu sani ba, shi ne ba ya girgiza in an buɗe sabon littafi. Kuma a yi hattara da duk wanda ya zo da littafi mai ƙyalli yana cewa ya rushe kimiyya. Littattafai da faya-fayan wani mutumin Turkiyya mai laƙabin Harun Yahya sun bazu a ƙasashen Musulmi a shekarun 2000, masana suka nuna kurakurai masu yawa a cikinsu, shi kuma a 2022 kotun ƙasarsa ta ɗaure shi kan manyan laifuffuka da ba su shafi wannan gardama ba.

Abin da uwa za ta yi

Idan ɗiyarki ta zo miki da wannan tambaya, kada ki rufe ta da faɗa, kada ki ce ta yi saɓo. Yaron da aka ƙwaɓe don ya yi tambaya ba ya daina tambayar, wurin tambayar yake sauyawa, ya koma waya da intanet inda ba ki san wa zai amsa masa ba. Ki ce ta buɗe littafin ta karanta miki, ta fassara miki da Hausa. Ko ba ki yi boko ba, kin san iri, kin san kiwo, za ki gane fiye da yadda kike zato.

Abin da ya shafi Annabi Adamu kuma, ku kai shi ga malami ko malama mai ilmi da haƙuri, wanda zai saurari tambayar har ƙarshe kafin ya amsa. Ta koyi darasinta da kyau, ta san abin da masana suka ce da hujjar da suka dogara da ita, ta amsa jarrabawarta ta WAEC ko NECO. Sanin abin da wani fanni ya ce bai fitar da kowa daga addininsa.

Ga iyayenmu maza da na san wasunsu suna jin mu daga zaure, don Allah kada babi guda ya sa a cire yarinya daga makaranta. Mu matan kulle mun fi kowa sanin daɗin a je asibiti a tarar da mace 'yar uwarki ce za ta duba ki, ta karɓi haihuwarki. Ba a shiga makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, ko ta kiwon lafiya ta Tsafe, ko karatun likita, sai da kyakkyawan sakamako a bayoloji. Idan kowa ya janye tasa ɗiyar, wa zai duba mu? Rashin tsaro ya riga ya raba yara da yawa da aji a jihar nan, kada mu ƙara da hannunmu.

Sai kuma abu biyu da ba su bukatar jiran kowa: magani in an fara a ƙarasa shi yadda likita ya ce, kuma a yi gwajin jini kafin a karɓi kayan sa rana.

Nan za mu dakata a yau. Mai ƙarin tambaya ta aiko, matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da jiharmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.